Fenti Huɗu

Allon da ke bakin ƙofa ya ce
sau talatin jirgin nan ya raba dare a sararin Jamus.
Shekara goma sha tara allon yana faɗin haka,
ba wanda ya ce masa kanzil.

Ni na fara, da samfefa, wata Talata,
a gidan tarihin ƙaramin garinmu na Saskatchewan,
dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gabas,
yatsuna sun ƙage cikin safar hannu.
Fenti na zo gyarawa, ban zo tonon asiri ba.

Baƙin da ke sama namu ne,
an yaɓa shi da gaggawa saboda wani biki.
Na goge, ja ya leƙo.
Ƙarƙashin ja, fari.
Ƙarƙashin farin wani baƙin dabam,
tsoho, marar ƙyalli, kamar gindin tukunya.

Lorne Pettigrew ya gyara tabarau,
ya kwanta rigingine ƙarƙashin tumbin,
ya daɗe yana yawo da hasken tocila.
Can ya ce, Oksana, zo ki ga ɗinki.

Makwancin bama-bamai duk tabon walda ne.
Tanki aka taɓa ɗaura masa a nan.
Ashe jan na masu kashe gobarar daji ne,
damina nawa ya yi yana amayar da ruwa
kan itatuwa masu ci da wuta.

Ga faci mai kusurwa huɗu a ƙasa,
tagar kyamara ce aka liƙe.
Zamanin farin ke nan,
yana shawagi can arewa, yana ƙirga tafkuna
don masu zana taswira.

Ƙusoshin masana'anta a jere suke kamar haƙora.
Waɗanda suka rufe gurbin bindigar sama kuwa
tafiyar mai maye suke yi.

Fiffiken hagu ma ba nasa ba ne.
Lambarsa dabam. Aro ne daga wani ɗan'uwansa
da manomi ya saya bayan yaƙi, ya mai da shi akurki.
Na zura hannu, na fito da gashin kaza
da ƙwayar alkama uku.
Can ciki, da fensir, wata ta rubuta:
Bernadette, aikin dare, ƙafafuna sun gaji.

Lambar gaskiya tana bayan kujerar matuƙi,
kan ɗan ƙarfe da bai kai tafin yaro ba.
Muka aika ma'ajiyar takardu. Mako shida, amsa ta zo:
ya ƙetare teku yaƙi na haɗa kayansa,
ya zauna a fili ruwa na dukansa, ya dawo.
Ko tsakuwa bai taɓa saki a kan kowa ba.

To, wa zai gaya wa Wendell Tkachuk?
Duk Lahadi yana zuwa da sandarsa,
ya tsaya wajen wutsiya,
inda mahaifinsa ya zauna da bindiga, in ji allo.

Ni na gaya masa. Bakina ya yi nauyi.
Ya dube ni kamar na ce masa ƙanƙara da sanyi.
Ya ce, yarinya, na babana bai dawo ba,
yana ƙasan teku tun ina goye.
Na san allonku ƙarya yake.
Warin man nake zuwa shaƙa.

Kwamiti na nan na ja-in-ja kan sabon allo,
wasu sun ce gaskiya ba ta sayar da tikiti.
Ni dai na bar wuri ɗaya a gefen tumbin ban shafe ba,
baƙi, ja, fari, baƙi.
Lorne ya ce kamar gyambo.
Nan Wendell ke ɗora hannunsa yanzu
kafin ya tambaya ko an dafa shayi.